Abin da Ya Kamata Ku Sani: Me Ya Sa Damina Ta Canza Hali?

Duk manomin da ya haura shekara hamsin, daga Daura har Damagaram, zai gaya muku cewa damina ta canza hali. A da an san lokacin ruwan shuka, an san lokacin marka, an san lokacin da ruwa zai ɗauke. Yanzu sai a yi ruwa ɗaya mai ƙarfi a ƙarshen watan Mayu, mutane su fita su yi shuka, sannan sama ta yi shiru har mako uku, tsiro ya ƙone a gona. Idan Agusta ta zo kuma, ruwan da ya kamata ya sauka cikin wata guda sai ya zubo a dare ɗaya, ya tafi da kunya da gada da katangar gida. Ma'aunan ruwa da hotunan tauraron ɗan adam sun gaskata manoman. Dalilin abin kuwa yana farawa ne daga wuraren da ke da nisan dubban kilomita daga gonar.

Yadda zafin ke taruwa

Hasken rana yana ratso sararin sama ya sauka a kan ƙasa da teku, ya ɗumama su. Ƙasar da ta ɗumama ita ma tana mayar da zafi sama, shi ne hucin da kuke ji yana tashi daga kwalta ko daga bangon siminti bayan magariba. Mafi yawan iskar da muke shaƙa ba ta tare wannan zafi, barin sa take yi ya wuce. Amma akwai wasu iskoki 'yan kaɗan a cikinta da ke riƙe wani ɓangare su mayar da shi ƙasa: tururin ruwa, da iskar kabon dayoksaid, da iskar metan. Aikinsu kamar na bargo ne a daren hunturu, wanda ba ya ƙirƙirar zafi, sai dai ya hana na jiki tserewa. Ba don su ba, da matsakaicin zafin duniya ya kasance wajen digiri 18 ƙasa da sifili, maimakon wajen digiri 15 da muke rayuwa a ciki. Wato iskokin rahama ne. Matsalar ita ce ana ta ƙara wa bargon kauri.

Wannan ilimi ya girmi mota da jirgin sama. A 1856 wata Ba'amurkiya, Eunice Foote, ta cika tulun gilashi da kabon dayoksaid ta ajiye a rana, ta ga ya fi mai ɗauke da iskar yau da kullum ɗaukar zafi. A 1859 John Tyndall ya auna yadda iskar ke tsotse zafi a Landan. A 1896 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya yi lissafi da alƙalami da takarda cewa idan iskar ta ninka a sama, duniya za ta ƙara zafi da digiri da dama. A 1958 kuma Charles Keeling ya fara auna ta kullum a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawayi, kuma har yau ba a daina ba. Lokacin da ya fara, a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iska akwai kashi 315 na kabon dayoksaid. Yau an haura 420. Kafin zamanin masana'antu kuwa wajen 280 ne. An san haka ne daga ƙanƙarar da aka haƙo a Antatika, wadda ta kulle 'yan ƙananan kumfar iska tun dubban ɗaruruwan shekaru. Kumfar ta nuna cewa a cikin shekaru 800,000 da suka wuce adadin bai taɓa wuce wajen 300 ba sai a zamaninmu.

Daga ina ƙarin ya fito? Mafi yawansa daga ƙona kwal da man fetur da gas ne, a tashoshin lantarki da masana'antu da motoci da jirage, sai yin siminti, sai sare dazuzzuka. A kowace shekara ana fitar da tan biliyan 37 ko kusa da haka daga makamashi da siminti kaɗai. Teku da itatuwa suna shanye kusan rabi, sauran ya zauna a sama, wani ɓangarensa har ɗaruruwan shekaru. Ita kuma metan tana fitowa daga cikin shanu, da gonakin shinkafa da ruwa ya kwanta a kansu, da juji, da bututun gas da ke yoyo. Ta fi kabon dayoksaid ƙarfin riƙe zafi nesa ba kusa ba, amma ba ta wuce shekara goma sha 'yan kai a sama.

A lura da abu ɗaya da ke rikita mutane. Baƙin hayaƙin da kuke gani yana fita daga tsohuwar tirela yana cutar da huhu, amma ba shi ne kabon dayoksaid ba. Ita ba ta da launi, ba ta da wari. Kuma ba ta tsayawa a inda aka fitar da ita: cikin shekara ɗaya zuwa biyu ta gauraye da iskar duniya baki ɗaya. Shi ya sa kwal ɗin da aka ƙona a Jamus ko a Sin yake da hannu a zafin da ake ji a Gumel.

Sakamakon shi ne duniya ta ƙara zafi da sama da digiri ɗaya tun ƙarshen ƙarni na 19. Hukumar kula da yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce 2024 ita ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye ƙididdiga, inda ta haura zamanin kafin masana'antu da wajen digiri 1.55. Wanda ya saba ganin zafi ya tashi daga 25 da safe zuwa 40 da azahar zai ce digiri ɗaya da rabi ai ba komai ba ne. Amma wannan matsakaici ne na duk duniya, dare da rana, rani da damina, har da teku wanda ba ya saurin ɗumama. A doron ƙasa ƙarin ya fi haka. Kuma lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai da arewacin Amurka, shekaru 20,000 da suka wuce, bambancin da yau bai wuce digiri biyar zuwa shida ba.

Ko rana ce ta ƙara ƙarfi? Taurarin ɗan adam suna auna ta tun 1978, ba su ga ƙari ba. Da ita ce, da saman sararin sama ma ya ɗumama, amma abin da aka gani shi ne can sama yana sanyaya yayin da nan ƙasa ke zafafa, alamar cewa zafin ana tare shi ne a ƙasa. Kwamitin masana na duniya da aka kafa a 1988, wato IPCC, ya faɗa a rahotonsa na 2021 cewa babu sauran shakka ayyukan ɗan adam ne suka ɗumama duniya. Wasu bayin Allah kan ji nauyin wannan magana, su ce ruwa da rana ai na Allah ne. Haka ne, kuma babu mai ja. Sai dai Allah Ya sanya wa al'amura sababi, kuma sanin sababin bai hana roƙon ruwa ba.

Ruwan bai tafi ba

Fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kakanni sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, tun kafin hayaƙin masana'antu ya yi yawan da ya yi yau. Iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, lokacin da garken shanu suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu. Saboda waɗannan shekaru ne da yawa daga cikinmu suka ɗauka cewa sauyin yanayi na nufin ruwa zai yi ta raguwa har hamada ta cinye mu. Abin da ya faru ya sha bamban. Daga shekarun 1990 ruwan Sahel ya fara dawowa, ko da yake a wurare da yawa bai kai na shekarun 1950 ba. Yadda yake sauka ne ya canza.

Dalili na farko mai sauƙi ne. Iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar tururin ruwa: duk digiri ɗaya da aka ƙara, tana iya ɗaukar ƙarin kashi 7 cikin 100. Hadarin da ya haɗu yau yana ɗauke da ruwan da ya fi na da, idan ya tashi saukewa kuma sai ya sauke kamar da bakin ƙwarya. Dalili na biyu namu ne na nan yankin. Hamadar Sahara tana zafafa da sauri fiye da ƙasashen kurmi da ke kudu da mu, kuma wannan tazara tsakanin zafin arewa da damshin kudu ita ce ke ƙara wa manyan hadura ƙarfi. A 2017 wani ayarin masana ƙarƙashin Christopher Taylor ya bi hotunan tauraron ɗan adam na shekaru 35, ya gano cewa hadura mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982.

Ga manomi, ba jimillar ruwan shekara ce kaɗai abin dubawa ba. Ruwan da ya sauka a hankali yana shiga ƙasa, saiwa ta sha, rijiya ta samu. Wanda ya zubo a sa'a biyu a kan ƙasar da ta bushe ta yi tauri, ba ciyawa ba itace, gudu yake yi. Yana kwashe taki da ƙasar sama mai albarka, ya yanka kwazazzabo a tsakiyar gona, ya tafi ya cika kogi. Bayan kwana goma gonar ta koma neman ruwa, domin zafin da ya ƙaru yana busar da damshi da wuri. Ta haka gari ɗaya zai iya kuka da fari a watan Yuni, ya yi kuka da ambaliya a watan Agusta.

Mun ga hakan da idonmu. A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi shan wuya. A 2024 ruwan ya yi ɓarna daga Mali har Sudan. A Nijar sama da mutum 300 suka rasu, tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye wani babban ɓangare na Maiduguri. A ƙarshen Mayun 2025 kuma Mokwa ta yi asarar fiye da mutum 150 a safiya ɗaya.

A nan ne ya kamata a yi hattara, domin "sauyin yanayi" ya fara zama mafakar masu gudun laifi. Sauyin yanayi ne ya ƙara wa ruwan yawa, amma ba shi ya cika magudanan ruwa da leda ba, ba shi ya yanka filaye a kan hanyar ruwa ya sayar ba. Tun kafin Alau ta ɓalle an daɗe ana kukan tana bukatar gyara. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Adamawa domin ta tare ruwan da Kamaru ke saki daga madatsar Lagdo, sama da shekara 40 ke nan ba a gina ta ba. Ruwa iri ɗaya zai sauka a garuruwa biyu, ɗaya ya kwana lafiya, ɗaya ya wayi gari da makoki.

Tafkin Chadi ma labarinsa ya fi yadda ake ba da shi sarƙaƙiya. Gaskiya ne a shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, kuma farin shekarun 1970 da 1980 ya mayar da shi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka. Amma tun daga lokacin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba, har ma ya ɗan farfaɗo. Abin da ke wahalar da masunta da manoma da makiyayan bakinsa yanzu shi ne rashin tabbas: bana ruwa ya ja baya, baɗi ya cinye gonakin da aka shuka, ga kuma rashin tsaro da ya hana mutane bin ruwan yadda suka saba.

Zafin da ke kisa ba a ƙirga

Ambaliya tana da hoto, shi ya sa take samun kanun labarai. Zafi ba shi da hoto. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a cikin kwana huɗu na farkon watan, da yawansu tsofaffi. Masanan da suka bincika lamarin sun ce zafi irin wannan ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar da ɗan adam ya jawo ba. Bayan wata biyu, a aikin Hajjin shekarar, zafi ya haura digiri 51 a Makka, sama da mahajjata 1,300 suka rasu.

Zafin dare ya fi na rana haɗari, domin da dare ne jiki ke hucewa. Ɗakin da aka rufa da kwano ba sili, ba taga ta kirki, ba wuta, yana riƙe zafin yini har asuba. Tsoho mai hawan jini, da jariri, da mai juna biyu, su ne suka fi faɗawa. Sai masu aiki a rana: 'yan ga-ruwa, masu dako, magina, 'yan acaba. Idan irin waɗannan suka rasu akan ce gajeriyar rashin lafiya ce, babu mai rubuta cewa zafi ne.

Amfanin gona ma yana ji. Masara idan zafi ya tsananta lokacin da take fitar da bunu, goyon ba ya cika. Alkamar Kadawa da ta kwarin Haɗeja sanyin hunturu take so, idan sanyin ya gajarta ƙwayar ba ta ƙosawa. Gero da dawa sun fi juriya, amma su ma suna da iyaka. Shanu kuwa suna rage ci da nono, kuma neman ciyawa da ruwa yana tura makiyaya tafiya da wuri, tun amfani bai bar gona ba. Kada dai a ce wannan kaɗai ne ya haifar da rikicin manoma da makiyaya. Cinye burtali, da yawan jama'a, da bazuwar makamai, da rashin adalci wajen yanke hukunci, duk sun riga shi.

Wa ya ƙona, wa ke biya

Nahiyar Afirka, mai kusan kashi 18 cikin 100 na mutanen duniya, ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na kabon dayoksaid ɗin makamashi ba. Sin ce kan gaba a yau da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma idan aka tara tun daga farko Amurka ce ta fi kowa. A Faris a 2015 ƙasashen duniya suka amince a riƙe ƙarin zafin ƙasa da digiri 2, a yi ƙoƙari kada ya wuce 1.5. Iyakar 1.5 ɗin ga ta nan muna taka ta, hayaƙin kuwa bai fara sauka ba, kuma a farkon 2025 Amurka ta sake sanar da ficewa daga yarjejeniyar.

Batun kuɗi ya fi ɗaci. A 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 a kowace shekara kafin 2020. Ba su cika ba sai a 2022, kuma mafi yawan kuɗin bashi ne. A taron Masar na 2022 aka amince da asusun biyan asarar da bala'o'in yanayi ke jawowa, amma abin da aka zuba a ciki bai kai ɓarnar ambaliya ɗaya ta babbar ƙasa ba. A Baku a 2024 aka ɗaga alkawarin zuwa biliyan 300 kafin 2035, alhali ƙasashe masu tasowa sun nemi sama da tiriliyan ɗaya. A ganina, a ba wanda ruwa ya cinye wa gida bashi da kuɗin ruwa domin ya gyara ɓarnar da wani ya jawo, zalunci ne, ko da wane suna aka kira shi.

Mu ma muna da namu tarnaƙin. Najeriya ta yi alkawari a Glasgow a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta zuwa sifili kafin 2060, amma da kuɗin mai take rayuwa, har yanzu ana ƙona gas a banza a Neja Delta, kuma sama da mutum miliyan 80 ba su da wutar lantarki. Nijar kuma ta fara fitar da ɗanyen mai ta bututu zuwa Benin a 2024. Ba za a ce wa matar da ke girki da itace ta daina ba alhali kuɗin gas ya fi ƙarfin mijinta. Abin da ke ba da ƙwarin gwiwa shi ne farantan sola sun yi arha sosai, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 masu noman rani da yawa sun ajiye injin fetur sun koma famfon sola, ba don wani taro ya umarce su ba, don ya fi musu sauƙi ne.

Abin da ya yi aiki a Maraɗi

A 2007 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, shingen itatuwa mai tsawon kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti. An dasa miliyoyin itatuwa, da yawa sun mutu saboda babu mai ban ruwa, babu mai hana awaki. Nasarar da ta fi girma ta faru ne a kudancin Nijar, kuma kusan ba a dasa komai ba.

A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan ƙananan tsirran da manoman Maraɗi ke sarewa duk shekara lokacin sassabe ba ciyayi ba ne. Tohon itatuwan da aka sare ne tuntuni, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a sare duka, sai manomi ya zaɓi reshe uku zuwa biyar mafiya ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, ya kare su daga dabbobi. Da yake saiwar ta riga ta yi zurfi, itacen yana girma da sauri fiye da dashe. Aikin bai bazu ba sai da manoma suka tabbata cewa itacen da suka raina nasu ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci su tara idan sun yanki reshe ba. Daga nan maƙwabci ya koya daga maƙwabci. An ƙiyasta cewa kadada miliyan 5 sun farfaɗo a yankunan Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Da yawansu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. A yankin Tawa kuma ramukan tassa da na rabin wata suna tare ruwan da zai gudu, su tilasta masa shiga ƙasa, har fako ya koma gona.

Akwai irin gero da wake da masara masu nuna da wuri daga cibiyoyin bincike na Samaru da Kano da Maiduguri da Sadore. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar da ake sa ran ruwa zai zauna a kowane yanki, haka ma cibiyar AGRHYMET da ke Yamai. Hasashe ne, yana iya kuskure, amma ya fi a zuba iri da taki a kan ruwan farko.

Duk waɗannan suna rage raɗaɗi ne, ba sa sauke zafin duniya. Zafin ba zai daina hawa ba sai ranar da abin da ake fitarwa ya daidaita da abin da ake shanyewa, kuma ko a ranar tsayawa zai yi, ba zai koma na 1960 ba. Saboda haka duk kwalbati da gada da madatsar ruwa da ake zanawa yau bisa ƙididdigar ruwan shekarun 1970 da 1980, an zana su ne don daminar da ta riga ta wuce, kuma ruwan da za su tara nan da shekara talatin zai fi na bana ƙarfi.